Daga Ganyen Fita Zuwa Leda: Tarihin Ƙunshi da Mazubi a Zangon Agege

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin Hausawa mazauna Kurmi sun fi mayar da hankali ga mutane da haja, wato su wane ne suka zo, daga ina suka taso, me suka kawo, me suka saya, kuma wace irin sarauta suka kafa a inda suka sauka. Adamu (1978) ya bi sawun Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma, Cohen (1969) ya tsaya a kan Sabon Badun, shi kuwa Lovejoy (1980) ya zurfafa a kan fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ake ƙunshe hajar da shi ko ake zuba ta a ciki. Ana ɗaukarsa ƙaramin abu, alhali kuwa goron da aka rasa abin naɗe shi ba ya kai Kano da daraja.

Wannan maƙala za ta dubi tarihin ƙunshi da mazubi a tsakanin Hausawan Agege ta Jihar Legas, tun daga zamanin ganye da huhu har zuwa zamanin leda da roba, da dokokin da gwamnatin jihar ta kafa a 2024 da 2025. Za a bi tarihin ne ta hanyar kalmomi, domin sau da yawa harshe yakan riƙe abin da kasuwa ta daɗe da yasarwa.

2.0 Goro da kafuwar Zango

A mafi yawan ƙarni na 19 babbar hanyar goro ba ta bi ta Ikko ba. Ayarin fatake, waɗanda akasarinsu Agalawa ne da Tokarawa da Kambarin Barebari, yakan tashi daga Kano ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, har ya isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, inda goron dazuzzukan Asante yake fitowa. Tafiyar zuwa da dawowa takan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara. Wannan tsari ya fara girgiza bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar. Daga nan sai wasu fatake suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ankara zuwa Ikko. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan sabuwar hanya kafin ya koma cinikin gyaɗa.

Abubuwa biyu ne suka mayar da Agege cibiya. Na farko shi ne jirgin ƙasa. An fara shimfiɗa layin dogo daga Ikko a 1896, ya bi ta Agege ya isa Badun a 1901, ya kuma isa Kano a 1911. Na biyu shi ne noma. Kamar yadda Agiri (1977) ya nuna, irin goron da Bahaushe yake so, wanda Yarbawa suke kira gbanja saboda asalinsa daga Gwanja, ya shiga gonakin ƙasar Yarbawa ne tsakanin 1880 da 1920, kuma yankin Agege da Ota yana cikin wuraren da suka fara karɓarsa. Manyan manoma irin su Jacob Kehinde Coker, mai gona a Ifako, sun kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907, suna shuka koko da goro. Da goro ya samu a bakin tasha, ga kuma jirgi mai kai shi Kano cikin 'yan kwanaki, sai Zango ya cika da masu gida da dillalai da 'yan ƙwadago. Daga baya Shagamu da wasu garuruwan Ijabu suka sha gaban Agege wajen yawan goro, gonakin Agege kuwa suka zama gidaje, amma unguwar Hausawa ta zauna daram, ta ƙara da cinikin shanu da canjin kuɗi da kayan gwari.

3.0 Fasahar ganye

Goro abu ne mai rai, kuma mai saurin fushi. In iska ta buge shi ya bushe ya yanƙwane, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe, in zafi ya kama shi ya yi gumi ya canza launi, ga kuma ƙwaron da yake huda shi, wanda ɓarnarsa ake kira sankara. Abin lura ne cewa wannan kalma ce Hausa ta ara ta ba cutar daji, mai cin jiki daga ciki kamar yadda ƙwaro yake cin goro. Saboda haka duk ribar falke ta rataya ne a kan yadda zai tsare danshin goro ba tare da ya toshe masa numfashi ba, kuma ganye ne kaɗai yake iya yin waɗannan ayyuka biyu a lokaci guda.

Ganyen da ya fi shahara a bakin fatake shi ne fita, mai faɗi da santsi, wanda yake fitowa a wurare masu dausayi. Akan shimfiɗa shi a cikin kwando ko a kan tsumma, a jera goro, a rufe da wani ganyen, a ɗaure tam da igiya. Wannan ɗauri shi ne huhu. A zamanin jakuna akan sa goron cikin waga, a ɗora biyu a kan jaki, ɗaya ta kowane gefe. Aikin bai ƙare da ɗauri ba. Bayan 'yan kwanaki dole a kwance, a tsince wanda ya kamu don kada ya shafa wa sauran, a yayyafa ruwa, a sauya ganyen da ya gaji. Da wannan dabara ce ake ajiye goro har ya kwana biyu ya zama daushe, wanda ya fi sabo tsada. Ke nan ganye ba sutura ce kawai ba, yana cikin abin da yake ƙara wa hajar kuɗi. Ita ma wannan sana'a ta raba aiki tsakanin al'ummu biyu: matan Yarbawa su ne masu ɓare goro da wanke shi da kawo ganye daga daji, Hausawa kuma su ne masu zaɓe da ɗauri da lodi.

Harshe ya adana wannan zamani da kyau. Har yau ƙwarya ita ce ma'aunin goro ɗari, ko da kuwa a leda aka ƙirga shi. Ana rarrabe marsa, wato manyan goro zaɓaɓɓu, da minu, wato ƙanana. Idan aka ce abu huhun ma'ahu ne, ana nufin ɗauri ne mai cika ido wanda ba kome a cikinsa, kuma matasa da yawa suna faɗar wannan magana ba tare da sun taɓa ganin an ɗaura huhu ba.

Ba goro kaɗai ba ne. Bahaushen da ya sauka Agege a farkon ƙarni na 20 ya zo da tarin mazubai waɗanda kowanne yana da aikinsa da sunansa. Daga duma ana samun ƙwarya da ƙoƙo da masaki da ludayi da gora da buta. Daga itace akwai akushi, daga yumɓu akwai tulu da randa da tukunya da kasko, daga fata akwai salka ta ruwa da tandu na mai ko kwalli da taiki na hatsi, daga kaba kuma akwai faifai da lefe da tabarma. A Kurmi ya tarar da al'adar naɗe abinci a ganye, musamman faffaɗan ganyen da Yarbawa suke dafa alale da shi, suke kuma zuba shinkafar Ofada a kai. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, in sun fashe ko sun tsufa, ƙasa tana cinye su, ko akuya ta riga ta. Ƙwaryar da ta tsage ma ba a yar da ita, akwai masu ɗinke ta.

4.0 Garwa da takarda

Tsakanin ganye da leda akwai wani zango da ake yawan tsallakewa. Kamfanonin Turawa sun shigo da kananzir da fetur a cikin garwa mai cin galan huɗu, kuma da man ya ƙare sai garwar ta zama abin ɗiban ruwa, ta zama ma'aunin manja da hatsi, maƙera kuma su yanka ta su yi fitila da mazurari. 'Yan ga-ruwa na Agege da Mushin da Obalende da ita suka yi sana'a shekara da shekaru kafin jarka da kura su karɓe ta. Haka kwanon sha da langa da fanteka suka shiga ɗakin amarya suka ture ƙwarya gefe, buhun algarara ya maye gurbin taiki, tsohuwar jarida da takardar siminti suka zama abin naɗe tsire da ƙosai. Waɗannan kaya baƙi ne, amma ba su sauya ɗabi'a ba, domin har a lokacin mai saye shi yake zuwa da mazubinsa. Yarinyar da aka aika sayen koko da kwanonta take tafiya, kwalbar lemo kuwa sai an mayar da ita kafin a ba da wata.

5.0 Zuwan leda

Sinadarin da ake yin leda da shi an gano shi ne a wani kamfanin Ingila mai suna ICI a 1933, shekara guda kafin ƙamus na Bargery ya fito. Jakar leda mai hannu kuwa wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, shi ya tsara ta, kamfaninsa ya sami rajistar mallakarta a 1965. A Nijeriya kayan roba sun yawaita ne tare da kuɗin man fetur na shekarun 1970, lokacin da masana'antun Ikeja da Apapa da na Kano suka shiga fitar da bokiti da baho da takalmi da buta. Agege tana maƙwabtaka da Ikeja, don haka ba ta jira an kawo mata daga nesa ba.

Sunayen da Hausa ta ba waɗannan kaya abin nazari ne. Roba ta samo asali daga kalmar Ingilishi mai nufin danƙo, amma ta faɗaɗa ta haɗiye duk wani abu mai tauri da aka narka aka zuba a ƙira. Leda kuwa daga kalmar Ingilishi mai nufin fata ta fito, kuma shaidar haka tana nan a cikin maganar 'yan ƙwallo ta taka leda, tun zamanin da ake ɗinka ƙwallo da fata, da kuma ledar da ake shimfiɗawa a ɗaki. Wato Bahaushe ya ga sabon abu mai santsi da naɗuwa wanda ruwa ba ya ratsa shi, sai ya ajiye shi kusa da salka da taiki. Mutanen Legas kuwa nailan suke ce mata, shi ya sa Bahaushen Agege yakan ce leda in yana magana da ɗan'uwansa, ya ce nailan in ya juya ga mai saye Bayarabe. A wani ɓangaren kuma tsofaffin sunaye ne suka tsira, jikin ya sauya: buta ta tashi daga duma ta koma ƙarfe ta koma roba, gora ta zama ta ruwan kamfani, tabarma ta rabu gida biyu, ta kaba da ta roba.

Babban juyi ya zo ne ta hanyar ruwan sha. Da farko masu talla da bokiti da kofi ɗaya suke yawo, kowa ya sha ya miƙa. Daga nan aka koma ƙulla ruwan sanyi da hannu a farar leda. A shekarun 1990 injin liƙe leda ya bazu, aka sami abin da ake kira fiya wata, mai cin rabin lita, wanda hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 take yi wa rajista. Adalci ne a faɗi cewa wannan ruwa ya biya wata buƙata ta gaskiya. A unguwar da famfo ba ya kawo ruwa, rijiya kuma tana kusa da masai, ledar da aka liƙe ta fi kofin gayya tsabta nesa ba kusa ba. Haka ita ma baƙar leda ta samu karɓuwa don dalilai masu ƙarfi: ba ta da nauyi, ba ta yoyo, ba a wanke ta, tana da arha har mai shago yana bayar da ita kyauta, sannan tana rufa asiri, domin maƙwabci ba ya sanin ko nama ne a ciki ko garin kwaki. Duk wanda yake ganin jahilci ne ya raba mutane da ƙwarya bai yi wa tarihin adalci ba. Abin da leda ta kashe shi ne al'adar zuwa da mazubi, kuma wannan ita ce asarar da ta fi wuyar mayarwa.

6.0 Abin da ya biyo baya

Leda ba ta ruɓewa cikin shekarun da mutum zai rayu, sai dai ta ragargaje ta zama ƙananan ɓarɓashi. Wani bincike da Geyer da Jambeck da Law suka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa daga farkon yin roba zuwa 2015 duniya ta samar da tan miliyan 8,300, kuma daga cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin ɗari kacal aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, saura kashi 79 suna jibge a juji ko a watse a ƙasa da ruwa. Hukumomin Legas sukan ce jihar tana fitar da shara kimanin tan 13,000 a kowace rana, wadda ake kai mafi yawanta manyan juji irin su Olusosun da ke Ojota.

A birni mai kwance a bakin teku, mai yawan ruwan sama, leda ta fi yin ɓarna a magudanar ruwa. Takan haɗu da gorar roba da yashi ta toshe kwata, ruwa ya rasa hanya ya koma gidaje, wanda ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. Ambaliyar ranar 10 ga Yuli, 2011, wadda ta yi ta'adi a sassa da yawa na Legas, ta sa hukuma ta ƙara ɗora laifi a kan sharar da ake zubawa a magudanai. Akwai kuma wata ɓarna da ta shafi Hausawan Agege kai tsaye. Mayankar Oko-Oba, wadda ita ce mafi girma a jihar, a nan take, kuma mahauta sun saba da fasa tumbin saniya ko tunkiya su tarar da dunƙulen leda a murɗe. Dabbar da ta haɗiyi leda cikinta yakan cika ba tare da ta ƙoshi ba, ta rame, kuɗinta ya faɗi. Ganyen da aka yar a dā abincin dabba ne, magajinsa kuwa ajalinta ne.

A nan ne kuma wata sabuwar sana'a ta ɓullo. Matasa da yawa daga Arewa da Jamhuriyar Nijar, waɗanda kakanninsu da ɗaurin goro ko ga-ruwa za su fara neman kuɗi a Kurmi, yanzu da buhu da kura suke farawa, suna tsintar ƙarfe da gorar roba da tsofaffin bokitai suna kai wa masu awo. Su ne 'yan bola ko 'yan jari-bola. Kamfanoni irin su Wecyclers, wanda Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa a 2012, sun shigo da tsari na zamani a wannan fage, amma har yanzu hannun 'yan bola ne yake tsamo kaso mai yawa na abin da ake sake narkawa. Duk da haka matsayinsu a idon doka mai rauni ne. A 2018 gwamnatin jihar ta haramta aikin masu tura kurar shara, bisa zargin cewa suna juye ta a kwata da gefen titi. Zargin yana da ƙamshin gaskiya a kan wasu, sai dai korar mai tsinta ba ta rage abin da za a tsinta. Kuma ita siririyar leda ba ta da nauyin da zai sa a sunkuya dominta, shi ya sa aka fi barinta a ƙasa.

7.0 Doka da neman madadi

Nijeriya ta makara a wannan fage. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, ko da yake wanda ya shiga kasuwar Maraɗi zai ga cewa rubuta doka daban, aiki da ita daban. Majalisar Wakilai ta Nijeriya ta amince da wani ƙudurin hana leda a 2019, amma bai zama doka ba. Legas ce ta yi gaban kanta. Ranar 21 ga Janairu, 2024, kwamishinan muhalli na jihar, Tokunbo Wahab, ya ba da sanarwar haramta farin mazubin abinci mai kama da soso, wanda ake kira tek-awe. Daga 1 ga Yuli, 2025 aka faɗaɗa hanin ya haɗa da tsinken shan lemo da kofi da cokulan roba na amfani sau ɗaya, da kuma duk ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba. Ledar fiya wata da gorar ruwa ba su shiga ciki ba, an bar su ga kamfanonin da suke yin su a kan su ɗauki nauyin tattara su. A shekarar 2025 ɗin ce kuma matatar Ɗangote da ke Lekki ta fara fitar da ƙwayar robar da ake saƙa buhu da ita, abin da yake nuna cewa jihar da take hana wata roba ita ce kuma take ƙara zama cibiyar samar da wata.

Nauyin dokar ya fi sauka a kan mai ƙaramin jari: mai shayi, mai tsire, mai sayar da tumatir, da matar da take tuwon sayarwa a Zango. Roba mai kauri da ake iya wankewa ta fi tek-awe tsada, kuma mai sayen abincin ne zai biya bambancin. Takarda tana jiƙewa da miya, tsohuwar jarida kuma tawadarta ba abin haɗawa da nama mai zafi ba ce. Shi kansa ganye, wanda ake yawan ambata a matsayin mafita, ba kyauta yake ba. Dajin da matan Ifako suke tsinko shi a 1920 ya zama unguwa, wanda ake sayarwa a kasuwannin Legas daga jihohin maƙwabta ake kawo shi, yana bushewa cikin 'yan kwanaki, kuma ba zai wadaci birni mai mutane miliyoyi ba sai an noma shi kamar yadda Coker da abokansa suka noma goro. A ganina madadin da ya fi kusa da hannu ba wani sabon abu ba ne da za a ƙera, tsohuwar ɗabi'ar nan ce ta zuwa da kwano da jaka, tare da tsarin mayar da kwalba wanda kamfanonin lemo suka gudanar shekaru da dama kafin su koma gorar roba.

Abin sha'awa shi ne cinikin goro bai taɓa sakin ganye ba. Wasu 'yan kasuwa sukan sa leda a bayan ɗauri don tsare danshi a lokacin hunturu, amma abin da yake taɓa jikin goron ganye ne, mai sayarwa a tire kuma da jiƙaƙƙen algarara yake lulluɓe shi. Ba kishin muhalli ne ya sa haka ba, goron ne ya ƙi leda.

Ga masu nazarin harshe akwai wata matsala ta fassara da dokar 2025 ta haifar. Dokar da kauri take rarrabe leda, tana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ma'aunin da ido ba ya gani. Bahaushen kasuwa kuwa da launi da girma da kuɗi yake rarrabe ta: baƙa ko fara, babba ko ƙarama, ta naira kaza. Haka nan kalmar roba ita kaɗai take ɗauke da gorar ruwa da bokiti da tek-awe da cokali, alhali doka ta halatta biyun farko ta haramta biyun ƙarshe. Mai fassara sanarwar gwamnati ga jama'ar Zango, in ya ce an hana roba ya faɗi abin da ya wuce doka, in ya ce an hana leda mai fiya wata zai ɗauka da shi ake, in kuma ya kawo maikiron 40 mai shago zai tambaye shi wace ce a cikin ledojin da ke rataye a ƙofarsa.